Ajin La'asar: Yadda Muka Nemi Tunawa da Malaminmu a Sakkwato

Ranar da Malam ya rasu ba a yi darasi na uku a makarantarmu ba. Da hantsi labarin ya iso ɗakin malamai, shugaban makaranta ya sa aka buga ƙararrawa, aka tara yara a fili cikin ranar bazarar Sakkwato, irin wadda zafinta kan haura digiri 40, aka sanar da su. Kafin azahar layin gidansa ya cika maƙil, har 'yan kabu-kabu suka koma zagayawa ta bayan unguwa. A sahun jana'iza na ga likita, na ga mahauci daga kasuwar Kara, na ga alƙali, na ga mai gyaran waya, kuma babu wanda Malam bai taɓa miƙa wa alli ya ce ya fito gaban allo ba. Da aka idar, babban ɗansa ya miƙe ya roƙi duk mai bin mahaifinsa bashi ya zo ya faɗa, wanda kuma ya taɓa saɓa wa ya yafe masa don Allah.

Ni ɗalibinsa ne, daga baya na zama abokin aikinsa, kuma ni aka ɗora wa rubuta bayanan kwamitin da aka kafa bayan rasuwarsa. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda kwamitin ya tafiyar da aikinsa cikin shekara guda da 'yan watanni, da kuskuren da ya kusa kashe abu mafi daraja da Malam ya bari. Iyalinsa sun fi son kada a ambaci sunansa ko na makarantar, don haka zan kira shi yadda kowa ke kiransa.

Mutumin da ake magana a kansa

Malam na cikin samarin da guguwar UPE ta kwaso. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, a shekarar da aka fitar da Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma. Yara suka yi ta kwararowa, malamai suka yi ƙaranci, aka shiga horar da sababbi cikin gaggawa. Da takardar malanta mai daraja ta biyu ya fara a firamare, daga baya ya koma karatu ya samu babbar takardar malanta ta NCE, aka turo shi sakandarenmu, kuma bai sake barin ta ba. Ya yi ritaya da ya cika shekara 35 a aiki, kamar yadda ƙa'ida take a lokacin. Dokar da aka sa wa hannu a 2022, wadda ta kai wa'adin malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ta zo ne bayan ya riga ya ajiye. Amma ranar Litinin da ta biyo bayan walimar bankwanarsa, kekensa na jingine a gindin dogon yaron da ya saba jingine shi. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka masa ɗan alawus, wani watan a ba shi, wani watan a ba shi haƙuri.

Lissafi yake koyarwa, kuma ta ƙofar da yaron Sakkwato ya sani yake shigo da shi. Idan za a fara darasin kashe-kashen lamba, ba ya rubuta komai a allo tukuna. Sai ya ce: "Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Ku raba min gadon." Yaron da ke firgita da ganin 1/8 ya san tumunin takaba tun daga gida. A kasa dukiya kashi 8, matar ta ɗauki 1, saura 7. Kowane namiji 2, kowace mace 1, kashi bakwai ɗin sun ƙare cif. Daga nan sai ya sako uwar mamacin da sudusinta, ya bar mu muna kai-kawo har mu gano cewa tumuni da sudusi ba su haɗuwa sai a kan 24. Sai a lokacin yake gaya mana sunan abin a littafin jarrabawa. Riba da faɗuwa kuwa da buhun albasa yake koyar da su: ka saya a fadamar Wurno lokacin kaka, ka ajiye, wata ta ruɓe, wata ta rage nauyi, ka biya kuɗin mota, ka sayar da damina. Ka ci riba ko ka faɗi?

Ba zan ɓoye ba, a shekarunsa na farko yana duka, kuma hannunsa na da nauyi. Mu da muka zo daga baya ba mu tarar da bulalar ba, labarinta kawai muka ji. A rana ta biyu ta zaman makoki wani magidanci mai furfura ya ce a gaban jama'a Malam ya taɓa yi masa dukan da ya sa ya ƙaurace wa makaranta wata uku, kuma Malam da kansa ya je zauren gidansu ya ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Ya ce, "Na yahe mai duniya da lahira." Tsofaffin malamai sun ce tun daga shekarar nan ba su sake ganin bulala a hannunsa ba.

Sai kuma ajin la'asar. Sau biyu a mako, bayan an tashi kowa ya watse, Malam kan zauna da wasu yara a inuwar dogon yaron da ƙaramin allo na katako, ba ya karɓar ko kwabo. Kullum da wani littafi mai baƙin bango a hammatarsa yana rubuce-rubuce. Shekaru muna wucewa ta gabansu muna gaisawa, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda abin ke tafiya.

Taron farko da saɓanin da ya tashi

Mako biyu bayan rasuwar aka hallara a ɗakin taro na makaranta, tsofaffin ɗalibai da malamai da wakilan iyaye. Aka zaɓi wani Alhaji ɗan kasuwa, wanda ke cikin ɗaliban Malam na farko, ya shugabanci kwamitin. Shi ya so a sa wa sabon jerin azuzuwa sunan Malam, a kuma riƙa shirya lacca kowace shekara ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, a gayyato manyan baƙi. Wasu suka ce rijiyar burtsatse ta fi, tunda makarantar na fama da ƙishi daga Maris zuwa saukar damina. Wasu kuma suka ce a tara kuɗi a miƙa wa iyali, a huta.

Maganar lacca ce ta ɗaga murya. Wasu matasa suka ce taron shekara-shekara don mamaci ba shi da asali a addini, ba za su sa hannu ba. Wasu dattawa suka ce garin da ke da Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake, ba za a koya masa girmama malamai ba. Duk wanda ya san Sakkwato ya san wannan gardamar ta girmi kwamitinmu, kuma ba a ɗakin taron sakandare za a raba ta ba. A zuciyata ina tare da Alhaji a ranar, don ina son in ga sunan Malam a bango, da manyan haruffa.

Malamin addinin Musulunci na makarantar, wanda ya yi shekaru masu yawa suna tebur ɗaya da marigayin, shi ya kwantar da ƙurar. Ya tuna mana jerin da shari'a ta tsara a kan abin da mamaci ya bari: hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Ya ce mu da ba magada ba, in har muna son taimakonsa, mu fara daga inda nauyinsa yake. Ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito na abubuwa uku da ba su yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Sannan ya ce mu dubi magabatan garin nan. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta ɗan littafi musamman don jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Shehu Usmanu bai gushe ba yana ambaton malaminsa Jibrin ɗan Umar da yabo. Nana Asma'u kuma a marsiyyoyinta halayen mamaci take lissafawa don masu rai su ɗauka. Ya ce, "Abin da suka karɓa daga malami shi suka adana. Mu mi muka karɓa?"

A nan aka tsaya a kan mataki uku bi da bi: bashi, iyali, sannan ajin la'asar. Suna a bango da rijiya aka ce sai abin da ya rage.

Bashi, alkawari da takardu

Masu bin sa bashi mutum uku suka zo. Bashin mai kanti na cefanen gida ne, kuma bai taka kara ya karya ba. Na mai sayar da littattafai a bakin babbar kasuwa ya fi shi nesa ba kusa ba: littattafan rubutu, akwatunan lissafi, da tarin tambayoyin jarrabawar WAEC da NECO na shekarun baya. Na uku tela ne, kuma da ya buɗe littafinsa sai ga awon riguna da wanduna da hijabai iri-iri, babu ko ɗaya da ya yi daidai da 'ya'yan Malam. Mai littattafai ya ce ya yafe. Tela ya ce shi ba zai iya ba, don shi ma ana bin sa kuɗin yadi. Na ji wasu na ƙunƙuni a kansa, kuma har yau ina ganin ba su yi masa adalci ba. Mutumin nan ya yi shekaru yana ɗinki a kan amana, bai taɓa tsare Malam a hanya ba. Haƙƙinsa ne, kuma shi muka fara biya.

Tara kuɗin ya koya mana wani abu da wuri. A zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai alkawura suka yi ta zuba a makon farko, kowa na ganin abin da ɗan ajinsu ya ambata yana ɗorawa. Abin da ya shigo asusu bai kai rabin abin da aka faɗa ba. Da mun yi kasafi a kan alkawari, da mun ci bashi don biyan bashi. Sai muka daina sanar da alkawari gaba ɗaya. Duk ranar Lahadi nakan saka abin da ya shigo da abin da ya fita, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Hayaniya ta ragu, amma masu turo kaɗan-kaɗan kowane wata suka ƙaru, kuma su suka riƙe aikin.

Uwargidansa, wadda duk muke kira Inna, tana cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, don haka malamai mata ne suka riƙa shiga wurinta da hatsi da kuɗin cefane. Ta bakinsu muka ji cewa akwai ragowar giratutin Malam da bai karɓa ba har ya rasu. Neman sa ya buƙaci takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa a aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ritaya, shaidar rasuwa, da takardar kotu mai nuna magada. Ta farkon gara ta cinye rabinta a akwati. Da ƙyar muka samo kwafinta a ƙasan wani tsohon fayil a ofishin shugaban makaranta. Wani lauya cikin ɗalibansa ya ɗauki hidimar kotu kyauta. Bayan watanni na je-ka-ka-dawo an biya wani kaso, saura muna bi har yanzu. Tun daga lokacin kowane malami a makarantarmu ya ajiye kwafin takardunsa a ofis, ya kuma ɗauki hotonsu a waya.

Abin da matan suka zo da shi

Babu mace ko ɗaya a kwamitin farko, kuma babu wanda ya lura a cikinmu. A wata na biyu tsofaffin ɗalibai mata suka turo wakilai, cikinsu da ungozoma da malamar firamare. Babbarsu ta dubi shugabanmu ta ce, "Alhaji, kun tambaye mu kuɗi mun bayar, amma ba ku tambaye mu ko wane ne Malam a wurinmu ba."

Abin da suka faɗa yawancinmu ba mu sani ba. Idan yarinya ta daina zuwa, Malam kan je gidansu da yamma, ya yi sallama, ya zauna a zaure da mahaifinta. Ba ya zuwa da faɗa ko barazanar hukuma. Yakan fara da gaisuwa da tambayar sana'a, sannan ya roƙi a bar ta ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ko in an riga an sa rana, a shigar da ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan auren. Yakan tuna wa uban cewa Shehu da kansa ya yi kakkausar magana a kan masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Uban da zai iya musu da gwamnati ba ya iya musu da wannan cikin sauƙi. Ba kullum yake cin nasara ba. Amma ungozomar nan ta ce sau uku ya je zauren gidansu, a na ukun mahaifinta ya amince. Aka ƙara mata uku a kwamitin a ranar.

Yadda ajin ya kusa mutuwa a hannunmu

A nan ne muka yi babban kuskure, kuma da kyakkyawar niyya muka yi shi. Muka ɗauki matasa biyu masu NCE cikin tsofaffin ɗalibai, muka yanka musu alawus. Muka ga kwana biyu sun yi kaɗan, muka mayar da shi uku: Litinin, Talata, Laraba. Muka ɗauke shi daga gindin bishiya zuwa aji mai benci da fanka. Shugaban makaranta ya sanar a taron safe cewa an buɗe aji na musamman don masu rauni a lissafi, aka karanta sunaye. Makon farko aji ya cika. A mako na huɗu yaran ba su cika benci biyu ba. Muka zargi yaran da lalaci, muka zargi iyaye da sakaci, har wasu suka fara cewa matasan ne ba su iya ba. Zango ya ƙare muna tunanin rufewa.

Inna ce ta cece mu. Bayan ta fita takaba ta aika aka kira ni, ta sa aka fito da akwatin ƙarfe cike da littattafan nan masu baƙin bango. Na kwana uku ina karantawa. Kowane yaro da shafinsa: suna, unguwa, sana'ar uba, inda lissafi ya tsaya masa, da dalilin fashi in ya yi. Wannan yana tura baro a kasuwa da safe. Wannan ba ya ganin allo daga baya. Wannan mahaifiyarta na jinya. A ƙasan wasu shafukan an rubuta "ta gama", a wasu "an yi aure, ba ta dawo ba".

Da na bi ranakun sai na ga duk zaman ajin, shekara da shekaru, Alhamis da Juma'a ne. Na koma na tambaye ta, "Inna, ko Malam ya taɓa gaya miki dalili?" Ta ce, "Ɗana, wane uba ka barin ɗanai shi bar allo don lissahi?" Alhamis da Juma'a ne makarantun allo da yawancin Islamiyyu ke hutu. Mu kuwa mun ɗora ajin daidai lokacin da yaran ke gaban alaramma. Abin da kowane ɗan garin nan ya sani ne, amma muna zaune a kan tebur muna tsara jadawali ya ɓace mana.

Sauran abubuwan kuma suna nan a littattafan ga mai karantawa da natsuwa. Malam bai taɓa karanta sunan yaro a taro a matsayin mai rauni ba. Yakan ja shi gefe ya ce ya zo ya taya shi wani aiki da la'asar, kuma a kowane zama akwai yara biyu ko uku masu ƙoƙari, ta yadda na waje ba zai gane wa ake taimaka wa ba. Ba ya sa sunan yaro sai ya ga mahaifinsa ko mariƙinsa. Akwai randa a gindin bishiyar da shi ke biyan mai ga-ruwa ya cika ta, da ƙullin ƙuli-ƙuli, saboda na nesa ba su komawa gida tsakanin tashi da la'asar. 'Yan mata yakan sallame su da sauran rana sosai. Da damina kuwa yakan sassauta wa yaran ƙauyukan gefen gari, don ya san suna gona, sai ya rama musu bayan girbi. Duk waɗannan mun ɗauka ƙananan halayen tsoho ne, ashe su ne ginshiƙan ajin.

Muka mayar da komai yadda yake a zango na gaba. Alhamis da Juma'a, gindin dogon yaro, babu sanarwa, babu sunan aji. Alhaji ya ɗauki nauyin ruwa da ƙuli-ƙuli daga aljihunsa. Yaran suka dawo sannu a hankali, ba duka ba.

Inda aka tsaya

Kuɗin rijiya bai taru ba, an sayi tanki ɗaya an ajiye a bayan ɗakin malamai. Sunan Malam an rubuta shi da fenti a jikin jerin azuzuwan, ba tare da biki ba. Laccar shekara an bar ta, a madadinta ranar 5 ga Oktoba tsofaffin ɗalibai kan zo kowa ya karɓi aji guda ya koyar da darasi ɗaya, kuma ɓangarorin biyu da suka yi gardama duk sun halarta. Masu zuwa gidan marigayin taron addu'a suna zuwa, waɗanda ba su zuwa ba a tuhumar su, kwamiti ya cire hannunsa daga wannan.

Abu biyu ne ke hana ni barci. Alawus ɗin matasan nan zai kai ƙarshen zango mai zuwa ne kawai, in ba a samu masu biyan wata-wata sun ƙaru ba. Na biyun ya fi wuya, don kuɗi ba ya maganinsa: zuwa zaure. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba zai zauna gaban magidanci ya yi masa maganar auren 'yarsa ba, ko da ya fi kowa iya lissafi. Malam ya yi shekara arba'in yana tara wannan mutuncin, ya koyar da uba kafin ya je roƙo a kan 'ya. Abin da muke gwadawa yanzu shi ne haɗa kowane matashi da dattijo cikin malaman da suka yi ritaya, matan kwamiti kuma su shiga cikin gida wurin uwa. A gidaje biyu an saurare mu, a ɗaya an gode mana an sallame mu.

Mun sayi sabon littafi mai baƙin bango. A shafi na shida akwai wata yarinya 'yar aji biyar daga Mabera da ta yi mako biyu ba ta zo ba. Ni da malamin addini za mu je jibi. Mahaifinta ya ce mu zo bayan an sakko daga masallacin Juma'a.